Anibal, Sarkin Yaƙin da ya Ƙetare Duwatsu da Giwaye

Ƴan'uwa na gida da na ci-rani, yau za mu ba ku tarihin wani jarumin Afirka da muke karantar wa yara a lakwal, sunansa Anibal.

An haife shi a shekara ta 247 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.) a birnin Kartaj, cikin ƙasar Tunisiya ta yanzu. Yana ɗan shekara 9 ubansa Amilkar ya tafi da shi Espanya, bayan ya rantsar da shi ba zai taɓa yin amana da Rumawa ba. A shekara ta 221 aka naɗa shi sarkin yaƙi.

Da yaƙi ya tashi a 218, teku na hannun Rumawa. Sai Anibal ya bi ta tudu. Ya ratsa kudancin Faransa, ya ƙetare kogin Ron da giwaye 37, dakarun ƙasa 38.000 da mahaya 8.000, ya fuskanci duwatsun Alp. Mu da muka tashi cikin jigawar Agye, Gazawa da Gidan Rumji, da wuya mu gane irin wannan wuri. Hanya ƴar siririya ce, rami a gefe, ƙanƙara ta rufe ko'ina, mutanen dutse na gangaro musu da duwatsu. Kwana 15 suka yi a ciki. Da suka sauka Italiya, dakaru 20.000 da mahaya 6.000 suka rage.

Duk da haka ya ci Rumawa a Tarebiya, da Tarasiman, da Kan a 216. Shekara 15 ya yi a ƙasarsu, ya rasa ido guda, amma gudunmawar da Kartaj ta aiko masa ba ta taka kara ta karya ba. Ƙanensa Asdurubal da ya biyo sahunsa da taimako, an kashe shi a 207. Daga baya aka kira shi gida, Sipiyon ya ci shi a Zama a 202. Ya ƙare ransa a gudun hijira, ya sha guba wajen 183 don kada ya faɗa hannun Rumawa.

To, ƴan'uwa, hanya ta cinye masa kusan rabin rundunarsa, rashin goyon bayan gida ya ƙarasa sauran. Masu shirin ƙetare hamada su auna hanya tukuna. Mu na gida kuma kada mu yanke zumunci da waɗanda suka tafi. Allah ya maido kowa lafiya, amin.