Ernst Alexanderson: Injiniyan da ya ƙetarar da saƙo teku ba tare da waya ba

An haifi Ernst Alexanderson a birnin Uppsala na ƙasar Suwidin ranar 25 ga Janairu, 1878. Bayan ya yi karatun injiniyan lantarki a Stockholm da Berlin, ya ƙaura zuwa Amurka a 1901, kuma bai daɗe ba kamfanin General Electric ya ɗauke shi aiki.

A zamaninsa, saƙonnin gwamnatoci da na 'yan kasuwa kan bi wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya nuna cewa mai iko da wayar nan yana iya toshe bakin ƙasa sukutum. Injin da Alexanderson ya ƙera shi ya buɗe wata ƙofar: faifan ƙarfe ne mai ɗaruruwan tsagu a gefensa, wanda gudunsa ke haifar da dogon zangon rediyo mai bin doron ƙasa har ya ƙetare Tekun Atlantika. A 1918 aka girka irinsa mai ƙarfin kilowat 200 a New Brunswick da ke jihar New Jersey.

Aiki da injin nan ba na mai gyangyaɗi ba ne. A tashar Grimeton ta Suwidin, wadda ta fara aiki a Disamba 1924, faifan kan juya fiye da sau 2,000 a minti guda, kuma da zarar gudun ya kauce, zangon tashar ya kauce, mai saurare a Amurka ya rasa saƙon. Saboda haka ma'aikata ke karɓa-karɓa dare da rana, suna duba mai da ruwan sanyaya inji, suna kuma kula da wayoyin da ke rataye kan hasumiya shida, kowace mai tsayin mita 127. Da wannan tasha Suwidin ta riƙa magana da duniya a Yaƙin Duniya na Biyu, daga bisani sojojin ruwanta suka yi amfani da ita wajen aika wa jiragen ƙarƙashin teku saƙo.

Alexanderson ya rasu a Schenectady ranar 14 ga Mayu, 1975, yana da shekara 97, ya bar ƙirƙire-ƙirƙire sama da 300 da aka yi wa rajista da sunansa. A 2004 hukumar UNESCO ta sanya Grimeton cikin wuraren tarihi na duniya, kuma har yau akan tayar da injin a wasu ranaku na musamman.