Mamman Shata: Daga Tallar Goro Zuwa Digirin Dakta

Na san wasu za su yi mamakin ganin sunan mawaƙi a takardar masallaci, mawaƙin ma kuma Shata. To, a yi haƙuri a karanta tukuna. Mafi yawanmu nan Lafia fatauci ne ya kawo mu ko ya kawo iyayenmu, shi kuwa mutumin nan da farantin talla ya fara, kamar yadda da yawanmu muka fara.

An haifi Muhammadu, wanda duniya ta sani da Mamman Shata, a garin Musawa ta ƙasar Katsina a shekarar 1923. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa kuwa Lariya. Gidansu ba gidan makaɗa ba ne, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a wancan zamani. Kiɗa gado ne. Musa Ɗanƙwairo a wurin mahaifinsa ya koya. Manyan makaɗan fada kowa da ubangidansa, kamar yadda Ibrahim Narambaɗa yake a fadar Sarkin Gobir na Isa. Shata bai gaji kowa ba. Mahaifinsa ma bai so ba ko kaɗan, domin a ganinsa waƙa roƙo ce, ɗan mutunci kuwa noma ko kasuwanci ya kamace shi.

Saboda haka yaron ya yi makarantar allo, ya yi noma, ya shiga sayar da goro, daga baya ya koma alewa. Sai dai fa ciniki bai karɓe shi ba. In ya je dandali da farantinsa, waƙa ce take ɗauke masa hankali, 'yan mata da samari su kewaye shi, kaya kuwa ko oho. Duk mai shago a kasuwar Lafia ya san irin wannan yaro, wanda za ka aika da kaya ya dawo maka da labari. Bambancin kawai, shi nasa labarin ya zama jari.

Bayan wani lokaci, sai ya bar Musawa ya koma Bakori, wurin wani ɗan sarautar garinsu, Abdullahi Inde, wanda yake aikin En'e a harkar sayen auduga da gyaɗa. Nan ya samu inuwa, ya fara yawon wasa gari-gari. A 1952, wajen bikin 'yan sarki da aka yi a Kano, sunansa ya fita sosai. Daga baya Funtuwa ta zama mazauninsa na shekaru masu yawa.

Abin da ya bambanta shi da makaɗan fada shi ne bai ɗaure kansa ga sarki ɗaya ba. Kalangu ya riƙe, kiɗan da a da aka fi saninsa da mahauta da dandalin 'yan mata, ya shigar da shi fadar sarakuna da gaban shugabannin ƙasa. Ya yi wa sarki waƙa, ya yi wa attajiri, ya yi wa direban mota da mafarauci da manomi. Ba ya rubutawa, ba ya zama ya yi bita. Makaɗa su ɗauki kiɗa, 'yan amshi su kama amshi, shi kuwa ya riƙa ɗora baiti a nan take, yana duban wanda ke gabansa. Shi ya sa za ka ji waƙa ɗaya a kaset biyu, amma maganganun ciki ba ɗaya ba. Bakandamiyarsa ma haka ya yi ta ƙara mata yana ragewa tsawon rayuwarsa.

Bai buɗe makaranta ba, amma ya koyar. Makaɗansa da 'yan amshinsa a bayansa suka koyi sana'a, da kunne da ido, kamar yadda yaron shago yake koyon ciniki a wurin ubangidansa. Sai kuma koyarwar da ta fi wannan faɗi. Lokacin da masu karanta jarida ba su da yawa, amma akwatin rediyo ya shiga kowane ƙauye, waƙa ce jaridar talaka. Shata ya yi kira a kan noma, a kan aure, a kan neman na kai, ya ƙarfafa wa sojoji gwiwa lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Da Amurkawa suka sauka a kan wata a 1969, ya yi waƙar kumbon Apollo 11, wadda ta kai wannan labari rugage da ƙauyukan da ba su taɓa ganin talabijin ba. Ni a ganina, malaman kimiyya na lokacin ba su isar da saƙon inda ya isar da shi ba.

Su ma 'yan boko daga baya wurinsa suka zo ɗaukar karatu. Dandatti Abdulƙadir, wanda ya zama shugaban Jami'ar Bayero ta Kano, a kan Shata ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta, gwamnatin tarayya kuma ta ba shi lambar MON. Mai tallar alewa ke nan fa, wanda bai zauna ajin boko ba.

Batun tafiye-tafiyensa ne ya fi shafarmu. Ya yi wasa a Nijar da Gana, ya haye har Ingila da Amurka, ya kuma sauke farali. A zangunan Hausawa na ƙetare, inda mutum zai shekara goma bai ga gida ba, muryar Shata ita ce gida. Kuma ba Hausawa kaɗai suke sauraronsa ba. Ku tambayi tsofaffin direbobin hanyar Jos ko ta Makurdi: Eggon da Alago da Gwandara da Tibi nawa ne suka gyara Hausarsu a kan kaset ɗinsa cikin mota? Bai sauya harshensa don baƙi su gane ba, bai kuma ajiye kalangu ya ɗauki kayan kiɗan Turawa ba. Abin gidansu ya kai musu yadda yake, suka karɓa. Ina faɗin haka ne don 'ya'yanmu da aka haifa nan, waɗanda Hausarsu ta koma ta saye da sayarwa kawai. Ka jefa musu karin magana ɗaya, sai su tsaya suna kallonka.

Yanzu kuma gaskiya, tunda a masallaci muke. Shata ya yi waƙoƙin giya da na mashaya, ya yi zambo mai zafi wanda ya ci mutuncin mutane, kuma malamai sun yi masa magana tun yana raye. Ba za mu wanke wannan ba, ba kuma kowace waƙarsa ce uba zai kunna a gaban iyalinsa ba. Malamanmu sun yi bayani a kan hukuncin kiɗa, mai tambaya ya same su bayan salla. Amma bakin nan dai shi ne ya yi yabon Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yabon da har yau in an sa shi za ka ga dattijo ya yi shiru. An kuma shaide shi da kyauta. Abin da ya samu bai cika kwana a hannunsa ba.

Ya taɓa siyasa, ya yi kansila a Kankiya, ya riƙe shugabancin jam'iyyar SDP a Funtuwa har aka sauke shi. Wannan fage bai karɓe shi ba, kamar dai cinikin alewa.

A ƙarshen rayuwarsa ya yi jinya a Kano da Jidda. Allah ya yi masa rasuwa a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ranar Juma'a, 18 ga Yuni, 1999. A Daura aka yi masa sutura, garin ubangidansa kuma amininsa, Sarkin Daura Muhammadu Bashar. Allah ya gafarta masa kurakuransa, ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, amin.