Ibnul Haisam: Malamin da Ya Auna Maganar Magabata

An haifi Abu Ali Al-Hasan Ibnul Haisam a birnin Basra, cikin ƙasar Iraƙi ta yau, wajen shekarar 965 Miladiyya. Ya tashi a zamanin da aka riga aka fassara littattafan masanan Girka zuwa Larabci. A cikinsu ya karanci lissafi, da ilimin taurari, da falsafa, har sunansa ya kai ƙasar Masar.

A lokacin nan Halifa Al-Hakim na daular Fatimiyya ke mulkin Masar. Masu tarihi sun ruwaito cewa labari ya isa kunnen Halifa cewa wannan malami yana da dabarar sarrafa ambaliyar Kogin Nilu. Sai ya aika aka kirawo shi Alƙahira, ya haɗa shi da ma'aikata. Ibnul Haisam ya bi kogin zuwa kudu har yankin Aswan. Da ya ga faɗin ruwan da ƙarfinsa, ya gane cewa kayan aikin zamaninsa ba za su iya ba. Ya komo ya faɗa wa Halifa gaskiya, duk da an san Al-Hakim da saurin fushi. An ce don ya tsira da ransa sai ya yi haukan ƙarya, aka tsare shi a gida har ƙarshen mulkin Halifan a 1021. Lissafinsa kuwa daidai ne, domin ba a gina madatsar ruwa a Aswan ba sai 1902.

Tsakanin 1011 da 1021 ne ya rubuta babban littafinsa, Kitabul Manazir, mai juzu'i bakwai, a kan haske da gani. Kafin shi, manyan masana irin su Iklidis da Badalimus sun koyar cewa ido ne ke fitar da wani haske ya je ya taɓa abu, sannan a gan shi. Ɗaruruwan shekaru ana karantar da haka, kuma ba kowa ke da ƙarfin halin ja da waɗannan malamai ba.

Ibnul Haisam ya fara da abubuwan da kowa ya sani. Wanda ya dubi rana, idonsa yakan yi zafi. Wanda ya ƙura wa wuta ido, sannan ya juya cikin duhu, yakan ci gaba da ganin alamarta na ɗan lokaci. Wannan ya nuna masa cewa wani abu ne ke shiga ido daga waje. Daga nan ya koma ga gwaji. Ya jera fitilu a wajen wani wuri mai duhu da ke da 'yar huda. Hasken kowace fitila ya ratsa hudar ya sauka a wurinsa daban a jikin bango. Idan ya rufe fitila ɗaya, ɗigon haskenta kaɗai ke ɓacewa, idan ya buɗe ta sai ya dawo. Ta haka ya tabbatar cewa haske a miƙe yake tafiya, kuma hasken wannan fitila ba ya cakuɗewa da na waccan. Ya kammala da cewa muna ganin abu ne saboda hasken da ke tasowa daga jikinsa ya shiga idonmu. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Ya kuma rubuta wani littafi mai suna Ash-Shukuk ala Badalimus, inda ya tattara shakkunsa game da bayanin da Badalimus ya yi na tafiyar taurari. Ya nuna wuraren da malamin ya saɓa wa ƙa'idojin da shi kansa ya gindaya. Bai raina shi ba, domin ya nazarci littattafansa ciki da bai. An ma ruwaito cewa da kwafar littattafan Iklidis da na Badalimus yake samun abinci a kusa da masallacin Azhar. Ra'ayinsa shi ne girman marubuci ba hujja ba ne, kuma mai bincike ya kamata ya tuhumi kansa kamar yadda yake tuhumar wasu. Ya rasu a Alƙahira wajen 1040.

An fassara Kitabul Manazir zuwa Latin wajen ƙarshen ƙarni na 12 ko farkon na 13, aka buga shi a birnin Basel a 1572. Turawa suna kiransa Alhazen. Shi ma an yi masa irin gyaran da ya yi wa magabatansa. A 1604, Johannes Kepler ɗan ƙasar Jamus ya nuna cewa hoton abin da muke gani a can bayan ido yake sauka, ba a gaba ba kamar yadda Ibnul Haisam ya zata. A 2015, hukumar UNESCO ta tuna da shi a bikin Shekarar Haske ta Duniya.

A yau ana yawan gardama a kan sauyin yanayi, da allurar rigakafi, da sauransu. Wasu suna musu don kawai su bambanta da jama'a. Rayuwar Ibnul Haisam ta nuna cewa shakka mai amfani ita ce wadda ta biyo bayan karatu, ta zo da hujjar da wani zai iya sake gwadawa. Ɗalibi a Jiwa zai iya yin irin gwajinsa da kwali, da allura, da kyandir biyu.

Tambayoyi

1. Me ya sa Ibnul Haisam ya janye daga aikin Kogin Nilu?
2. Yaya magabata suka bayyana yadda ido ke gani?
3. Bayyana gwajin fitilu da kalmominka.
4. Wane gyara Kepler ya yi masa?