Paul Voulet: kaftin ɗin da ya ƙare a Maijirgi

An haifi Paul Voulet a birnin Paris a 1866. Ya shiga sojan Faransa, ya kuma yi suna a 1896 lokacin da ya ci Wagadugu, babban birnin Mosawa. Wannan ne ya sa gwamnatinsa ta ɗora shi, tare da Kaftin Julien Chanoine, kan rundunar da za ta kai tafkin Cadi.

Rundunar ta bar bakin kogin Kwara a farkon 1899. Duk inda ta bi sai gobara da gawarwaki. A watan Afrilu ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu, a watan Mayu kuma ta ƙone Birnin Konni, ta kashe ɗimbin jama'a. Da labari ya kai Paris, sai aka turo Laftanan-kanar Klobb daga Tumbutu don ya yi bincike ya karɓi ragamar rundunar.

Ranar 14 ga Yuli 1899, a kusa da Dankori cikin ƙasar Tasawa, Voulet ya sa aka buɗe wa Klobb wuta, ya faɗi matacce. Bayan haka sojojin rundunar suka yi tawaye. Bisa rahoton hafsoshin da suka rage, an harbe Chanoine ranar 16 ga wata, washegari kuma wani mai gadi ya harbe Voulet a Maijirgi, inda aka binne su.

Amma a 1923 Robert Delavignette, jami'in mulkin mallaka a Tasawa, ya sa aka tone kaburburan biyu, aka tarar babu kowa ciki.

A yau idan mutum ya mutu da harsashi a gaban hukuma, likitan binciken gawa yakan duba raunin: harbin kusa yana barin ƙuna da baƙin albarushi a fata, hanyar da harsashi ya bi kuma tana nuna inda aka harbo. Da haka ake gane ko mutum shi ya harbe kansa ko wani ne. Ga Voulet babu gawar da za a duba, sai maganar abokan tafiyarsa.

Faransa ta rufe bincikenta a 1902, aka ɗora laifin kan taɓin hankali. Mutanen Konni da Tasawa da aka kashe kuwa, babu wanda ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya.