Jack Kirby: Mai Zanen da Ya Haɗa Jaruman Avengers, Ya Rasu Bai Ga Ribar Aikinsa Ba

A shekarar 2012 fim ɗin The Avengers ya haɗa Iron Man da Thor da Hulk da Captain America a fage guda, ya kuma tara sama da dala biliyan 1.5 a faɗin duniya. Abin da ya fi jan hankalin masoya shi ne ganin jaruman da kowanne ke da nasa labari sun haɗu a duniya ɗaya, suna saɓani suna kuma sasantawa. Sai dai mutumin da ya fara zana wannan haɗuwa a kan takarda bai kalli fim ɗin ba, domin ya rasu shekaru 18 kafin fitowarsa. Sunansa Jack Kirby.

An haife shi ranar 28 ga Agusta, 1917, a unguwar talakawa ta Lower East Side da ke birnin New York, aka raɗa masa suna Jacob Kurtzberg. Iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga Ostiriya, mahaifinsa kuma ma'aikaci ne a masana'antar ɗinki. Yaron ya tashi cikin faɗace-faɗacen 'yan unguwa, ya koyi zane da kansa ta hanyar kwaikwayon hotunan jaridu. Ya yi aiki na ɗan lokaci a kamfanin Fleischer mai shirya katun ɗin Popeye, kafin ya koma zana mujallun labarai masu hotuna.

A ƙarshen 1940 shi da abokin aikinsa Joe Simon suka fitar da Captain America, bangon mujallar ɗauke da hoton jarumin yana naushin Hitler, shekara guda kafin Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu. A 1943 aka ɗauki Kirby aikin soja, ya yi yaƙi a Faransa ƙarƙashin rundunar Janar Patton, inda aka riƙa tura shi leƙen asiri domin ya zano taswirar wuraren da abokan gaba suke. Tsananin sanyi ya lalata masa ƙafafu har aka yi tunanin yanke su, amma ya warke ya dawo gida a 1945.

Babban aikinsa ya fara ne a 1961, lokacin da shi da edita Stan Lee suka fitar da Fantastic Four a kamfanin da ya zama Marvel. Cikin shekaru kaɗan Hulk da Thor da X-Men suka biyo baya. A 1963 aka fitar da mujallar Avengers ta farko, inda Iron Man da Thor da Hulk da Ant-Man da Wasp suka haɗa kai domin tunkarar Loki, wanda shi ne kuma mugun fim ɗin 2012. Haɗa jarumai a ƙungiya ɗaya ba sabon abu ba ne, domin akwai Justice Society of America tun 1940. Abin da Kirby da Lee suka ƙara shi ne sanya yawancin jarumansu a birni na gaske, wato New York, suna shiga labaran juna, abin da ya faru a wata mujalla yana shafar wata. A kan wannan tsari ne aka gina jerin fina-finan Marvel da suka fara da Iron Man a 2008. A 1966 kuma suka gabatar da Black Panther, sarkin Wakanda, wata ƙasar Afirka ta ƙirƙira mai arziki da fasaha.

Yadda ake aikin shi ne tushen rikicin da ya biyo baya. Lee kan ba da gajeren tsarin labari, Kirby ya tsara faruwar abubuwa ya zana shafukan, sannan Lee ya rubuta maganganun jarumai. Sunan Lee ya yi fice a matsayin marubuci, shi kuwa Kirby ana biyansa ne a kan kowane shafi, ba shi da haƙƙin mallakar ko ɗaya daga cikin jaruman. Har yau masana na muhawara kan gudummawar kowannensu. A 1970 Kirby ya koma kamfanin DC, inda ya ƙirƙiro New Gods da mugun nan Darkseid, ya dawo Marvel ya fitar da Eternals a 1976, daga baya ya koma zanen katun na talabijin.

A shekarun 1980 ya yi ta jayayya da Marvel kan a mayar masa da ainihin shafukan da ya zana da hannunsa. A 1987 aka ba shi kimanin shafi 2,000, kaso kaɗan daga dubban da ya zana. Ya rasu ranar 6 ga Fabrairu, 1994, a Thousand Oaks da ke jihar Kalifoniya, yana da shekaru 76.

A 2009, shekarar da Disney ya sanar da sayen Marvel a kan kimanin dala biliyan 4, 'ya'yansa suka nemi a dawo musu da haƙƙin mallakar ayyukan mahaifinsu. Kotuna biyu suka yanke cewa aikin haya ya yi, don haka na kamfani ne. A Satumban 2014, ana dab da Kotun Ƙolin Amurka ta duba ko za ta saurari ƙarar, ɓangarorin biyu suka sasanta ba tare da bayyana sharuɗɗan ba. A 2017, shekara ɗari da haihuwarsa, Disney ya sanya shi cikin gwarazan da yake karramawa.

Duk wanda ya taɓa kwana yana tsara takardar da wani zai sa wa hannu da safe zai fahimci rayuwar Kirby. A yau sunansa na fitowa a jerin sunayen da ke bin ƙarshen fina-finan Marvel, daidai lokacin da masu kallo ke zaune suna jiran ɗan ƙarin fim ɗin da ke zuwa bayan rubutun. Ya kamata mai kallo ya neme shi a can.