KA'ABU BIN MALIK (R.A.): SAHABIN DA YA FAƊI LAIFINSA DA BAKINSA

Godiya ta tabbata ga Allah Mai karɓar tuba, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, sahabin da za mu kawo tarihinsa yau shi ne Ka'abu bin Malik, mutumin Madina, ɗan gidan Banu Salima na ƙabilar Khazraj.

Ka'abu yana cikin maza 73 da mata 2 da suka yi wa Manzon Allah mubaya'a da dare a Aƙaba, shekarar 622 Miladiyya. Bai halarci Badar ba, amma a Uhudu ya sha raunuka, kuma shi ya fara gane Annabi da rai, ta idanunsa da ke ƙyalli ƙarƙashin kwalkwali. Allah ya ba shi fasahar harshe, har ya zama ɗaya daga mawaƙan Annabi uku, tare da Hassanu bin Sabit da Abdullahi bin Rawaha.

A shekara ta 9 bayan hijira, watau 630, aka yi shelar fita Tabuka, tafiya mai nisa cikin tsananin zafi, ga dabino ya nuna, ga inuwa mai daɗi. Manomin da aka taɓa kira wata hidima hatsinsa na jiran yanka ya san nauyin wannan kira. Ka'abu yana da lafiya, yana da raƙuma biyu na hawa, abin da bai taɓa tarawa ba. Kullum sai ya fita da niyyar shiri, ya komo bai yi komai ba, yana ce wa ransa gobe ma rana ce. Da haka runduna ta yi masa nisa. In ya zaga Madina ba ya ganin kowa sai masu uzuri na gaskiya da waɗanda aka sani da munafunci.

Da Annabi ya komo ya zauna a masallaci, mutum tamanin da ƴan kai suka zo da uzurori da rantsuwa. Ya karɓi zahirinsu, ya nema musu gafara, ya bar zukatansu ga Allah. Shi ma Ka'abu ya yi ta saƙa ƙaryar da zai faɗa, kuma wa ya kai mawaƙi iya tsara zance? Amma da aka ce Annabi ya ƙarato, sai ya tabbata ƙarya ba za ta fisshe shi ba. Ya zauna gaban Annabi, wanda ya yi masa murmushin mai fushi, ya bayyana cewa ba shi da uzuri ko ɗaya, bai ma taɓa samun ƙarfi da wadata kamar lokacin ba. Annabi ya shaida cewa ya faɗi gaskiya, ya umurce shi ya tashi har Allah ya yi hukunci. Danginsa suka bi shi da zargi, har ya kusa komawa ya ƙaryata kansa, sai ya ji Murara bin Rabi'u da Hilalu bin Umayya, mutanen kirki, sun faɗi irin abin da ya faɗa.

Nan ne abin lura. Masu rantsuwar ƙarya suka koma gidajensu lafiya, su ukun da suka faɗi gaskiya aka hana kowa yi musu magana. Mu yau mun ɗauka wanda ya amsa laifinsa ya gama biya, har mukan ji haushi in ba a yafe mana nan take ba. Murara da Hilalu suka kulle kansu suna kuka. Ka'abu, da yake ya fi su ƙuruciya, ya ci gaba da zuwa jam'i da shiga kasuwa. Yakan yi wa Annabi sallama bayan salla, ya zuba ido ko leɓɓansa za su motsa. Ya haura katangar gonar Abu Ƙatada, ɗan baffansa da ya fi so, ya haɗa shi da Allah har sau uku ko ya san yana son Allah da Manzonsa. Abu Ƙatada ya mayar da sanin ga Allah da Manzonsa, Ka'abu ya juya yana hawaye. Babbar fargabarsa ita ce ya mutu a haka Annabi ya ƙi yi masa salla.

Ana cikin haka wani ɗan kasuwa daga Sham ya miƙa masa wasiƙar sarkin Gassan, yana kiransa ya zo a girmama shi. Ya gane wannan ma jarrabawa ce, ya jefa ta a tanderu. Da aka kwana 40 aka umurce su su nisanci matansu, ya tura tasa gidan iyayenta.

Da asubahin cikar kwana 50, yana zaune bisa soron gidansa, ƙasa duk faɗinta ta yi masa ƙunci, sai ya ji mai kira daga kan dutsen Sal'u yana masa bushara. Wani ya sukwano doki, amma murya ta riga doki isowa. Ya faɗi ya yi sujada, ya tuɓe tufafinsa biyu ya ba mai bushara, ya ari wasu ya nufi masallaci. Ɗalha bin Ubaidullahi ya taso da sauri ya yi masa musafaha, alherin da Ka'abu bai taɓa mantawa ba. Annabi, fuskarsa na haske don murna, ya sanar da shi cewa karɓar tuban daga Allah ta zo. Ita ce aya ta 118 a Suratut Tauba. Masu rantsuwar nan kuwa, ayoyi na 95 da 96 na surar sun tona asirinsu.

Ka'abu ya so ya yi sadaka da dukiyarsa duka, Annabi ya ce ya riƙe wani abu, ya riƙe rabonsa na Khaibar. Ya kuma ɗauki alkawarin ba zai faɗi komai ba sai gaskiya muddin ransa. Ya yi tsawon rai, ya yi wa Halifa Usmanu waƙar makoki bayan kashe shi a shekara ta 35, daga baya ya makance, ɗansa Abdullahi ya zama ɗan jagoransa. Ga wannan ɗa nasa ya ba da labarin laifinsa filla-filla, bai rage abin kunya ko ɗaya ba, kuma ta hanyarsa Bukhari da Muslim suka ruwaito shi, Imamu Nawawi ya sa shi a babin tuba na Riyadus Salihina. Masu tarihi da yawa sun sa rasuwarsa wajen shekara ta 50 bayan hijira. Allah ya ƙara masa yarda, amin.