Rufaida Al-Aslamiyya (RA): Sahabiya Mai Tantin Jinya

A wannan fitowa za mu leƙa rayuwar Rufaida Al-Aslamiyya, wadda ake ɗauka a matsayin ma'aikaciyar jinya ta farko a Musulunci.

Rufaida 'yar ƙabilar Banu Aslam ce, ta rayu a Madina zamanin Manzon Allah (SAW). Allah Ya hore mata sanin maganin rauni, kuma ba ta yi rowarsa ba. Tanti gare ta a masallacin Annabi, inda take jinyar masu rauni, tana kuma hidima ga Musulmin da ba su da mai kula da su, duk don neman lada.

A yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5 bayan Hijira, kibiya ta sami Sa'ad bin Mu'azu (RA), shugaban ƙabilar Ausu, a jijiyar hannu. Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a kwantar da shi a tantin Rufaida don ya riƙa duba shi daga kusa, safe da yamma yana leƙowa ya gaishe shi da jiki. Ibn Ishaƙ ya kawo labarin a Sira, Imamu Bukhari ma ya kawo shi a Al-Adabul Mufrad.

To kin ji fa, Annabi da kansa ya amince da aikin wannan baiwar Allah. Mu kuwa a ƙauyukan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, mace nawa zubar jini ko jijjiga ta kashe wajen haihuwa? Nawa doguwar naƙuda ta raba da jariri, ta bar su da yoyon fitsari, sai an dangana da asibitin Babbar Ruga a Katsina? Sau da yawa maigida ba ya son namiji ya duba iyalinsa, ga shi babu mace a asibitin. Da 'yan bindiga suka addabi yankin nan, baƙin ma'aikata da dama sun tafi, amma 'yar gari ina za ta?

Makarantar ungozoma tana nan Malumfashi, ba nisa. In 'yarki ta gama sakandare, ki zauna da mahaifinta cikin ladabi, ki ba shi labarin Rufaida. Allah Ya ƙara mata yarda, Ya sauki masu juna biyu lafiya, amin.